Gashin Hansai da Maganin Gizo

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

"To ke Uwani, daina sosa kan nan ki matso kusa. Wannan kitson da aka ja miki har idonki ya koma gefe, tatsuniyar yau taki ce."

Wata mace ce, sunanta Hansai. Allah ya ba ta gashi baƙi wuluk, idan ta tsefe shi har gadon bayanta yake sauka. Da ta yi haihuwar fari sai aka kai ta gidan iyayenta wankan jego, aka bar ta ta jima tana hutawa. A garin mijinta kuwa akwai wata al'ada. Ranar da mai jego ta koma, matan gida sukan taru su cire mata kallabi, su ga kitson komawa, sannan a rangaɗa guɗa. Hansai ba ta taɓa jin tsoron wannan rana ba, don ta san abin da ke kanta.

Rannan da safe ta sa matsefi, sai ga gashi cunkus a jikinsa. Ta sake tajewa, ya sake fitowa. Ta duba tabarmar da ta kwana, ga shi nan a warwatse. Ta ji kunyar faɗa wa innarta, ta kuma ji tsoron kada maganar ta kai garin miji. Sai ta dunƙule gashin ta cusa a tsagar bango, yadda ake yi don kada tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa. Yau ta cusa, gobe ta cusa, har tsagar ta cika.

To, ashe a tsagar nan Gizo yake zaune. Ya fito yana tari yana kakkaɓe jiki, ya ce, "Baiwar Allah, kin toshe mini ƙofa. Gashin wane ne wannan?"

Hansai ta ce, "Nawa ne. Don Allah rufa mini asiri."

Gizo ya dube ta, ya kuma dubi akushin da innarta ta ajiye mata, hanta ce a ciki tana tururi. Ku kun san Gizo, cikinsa ne ke yi masa tunani. Ya girgiza kai ya ce, "Ayya, na san ciwon nan. Gashinki gudu yake yi, sai an ɗaure shi. Hantar nan kuma ita ke sa masa santsi. Miƙo ta nan in raba ki da ita."

Ta miƙa masa. Ya lashe akushin tas, ya haye kanta da ƙafafun nan nasa, ya yarfa mata kitso ƙanana-ƙanana. Yana ja tana hawaye, yana ja tana cije leɓe, har fatar goshinta ta yi ƙyalli.

Ta ce, "Gizo, da zafi fa."

Ya ce, "Zafin nan shi ne maganin."

Kwana ya yi kwana, ƙuraje suka feso mata a bakin goshi, gashi kuwa bai fasa zuba ba. Hansai ta daina barcin kirki. Tana shayar da jaririyarta, hannunta ɗaya yana kan kallabi yana lalube. Ta je bakin tsaga ta ce, "Gizo, abin ƙaruwa yake."

Ya ce, "Saiwar ce ta yi sanyi. Ki dama toka da kanwa da ruwan zafi ki shafe kan. Ƙwan nan da ake dafa miki kuma shi ke sanyaya ta. Miƙo shi nan."

Ta miƙa masa. Ta shafa toka da kanwa, kan ya ɗauki raɗaɗi, gashin ya bushe ƙayau, ya riƙa karyewa kamar tsohuwar tsintsiya. Sai ga saƙo daga garin miji, an ce da ganin sabon wata za a zo ɗaukar ta. Ta koma ta ce, "Gizo, na shiga uku. Wata ya kusa tsayawa."

Ya ce, "Iska ce ke kwashe shi. Ki tamke kallabi dare da rana, kada ki kwance. Kada ki faɗa wa kowa, bakin mutane zai ƙarasa shi. Farfesun nan kuma tururinsa ke hawa kai. Miƙo shi nan."

Ta miƙa masa, wawiyar Allah. Haushinta nake ji, tausayinta kuma nake ji. Gizo ya yi ƙiba har tsagar ta yi masa kaɗan, ita kuwa ta rame, idonta ya yi fari fat, in ta miƙe sai jiri ya kwashe ta. Innarta ta ce, "Hansai, lafiya kike? Kullum akushi a share, amma ke kina ƙarewa." Ta ce, "Lafiya lau, Inna," ta ƙara jan kallabi.

Wata rana da hantsi ta zagaya bayan ɗaki inda ba kowa, ta kwance kallabin don ta sha iska. Ta shafa goshi, ta ji wayam. Ta zauna a gindin akurki ta fashe da kuka.

Kaza ta leƙo da 'yan tsakinta, ta ce, "Mai jego, kukan me kike yi?"

Hansai ta nuna mata kan, ta kwashe labari ta faɗa mata.

Kaza ta ce, "Yaushe ya fara zuba?"

"Bayan na haihu."

Kaza ta ɗaga fiffike ta nuna mata ƙirjinta, ta ce, "Duba nan. Duk sanda na yi kwanci, gashin nan zubewa yake. Ba na ɗaure shi, ba na shafa masa komai. In ci tsabata, in sha ruwa, in huta, ya dawo da kansa. Naki ma na haihuwa ne, da kin ƙyale shi da ya dawo. Amma kin ja shi, kin ƙona shi, kin hana shi iska, kin kuma ba wani abincin da zai yi miki jini. Da me zai tsiro?"

Hansai ta ce, "To na goshin nan fa? Zai dawo?"

Sai suka ji an yi gyaran murya a kan katanga. Ungulu ce zaune, kanta tal yana sheƙi a rana. Ta ce, "Wa ya yi miki kitson nan?"

"Gizo."

Ungulu ta ce, "Na gane hannunsa. Ni ma shi ya yi mini nawa, ina budurwa. Ya ce in bar shi shekara, na bar shi." Ta sunkuyo da kan ta nuna mata, ta tashi ta tafi abinta.

Hansai ba ta tsaya ɗaukar kallabi ba. Ta ruga tsakar gida kai buɗe, ta zube gaban innarta. Innar ta dubi kan, ta yi salati, ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Lokacin da na haife ki, nawa ya fi wannan zuba. Me ya hana ki tambaye ni?" Ta zaunar da ita, ta warware kitson sili-sili, ta wanke kan da ruwa mai ɗumi, ta shafa man kaɗanya kaɗan, ta bar shi ya sha iska. Ta ɗauko tsintsiya ta zungure tsagar nan, Gizo ya faɗo tim, ya haye rufin ɗaki da ƙyar saboda tumbi.

Innar ta aika garin miji ta ce mai jego ba ta da lafiya, a dakata sai bayan girbi. Ta tsare ta da hanta da ƙwai da wake da zogale, tana zaune a gabanta sai ta cinye. In jaririya ta yi kuka ita take goya ta, don Hansai ta samu barci. Kitso kuwa sai manya-manya, sakwa-sakwa. Kullum Hansai sai ta shafa kai tana tambaya, "Inna, ya fito?" A hankali ya fito, baya ya cika, gefe ya cika. Amma bakin goshi, inda Gizo ya fi ja, faɗin yatsa biyu, ya zauna sumul.

Ranar komawa ta zo. Matan gida suka kewaye ta. Aka cire kallabi. Mai guɗa ta kama hanci ta fara, da idonta ya kai goshin sai guɗar ta tsinke. Uwar mijin ta ce, "Hansai, jego ne ya yi miki haka?"

Hansai ta ce, "A'a. Wanda jego ya ɗauka ya dawo mini da shi. Wannan ni na bayar da hannuna."

To kun ji. Gashin mace yakan zuba don haihuwa, ko ƙarancin jini, ko yawan damuwa, kuma irin wannan yakan dawo in an kula da jiki. Wanda ja da ƙuna suka cinye ne ke tafiya ke nan. In kuka ga naku yana zuba, kada ku ɓoye, ku faɗa wa babba, in ya ƙi tsayawa a je asibiti a duba jini. Kada ku nemi magani wurin wanda idonsa ke kan akushinku.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare. Ke Uwani, kawo kan nan in sassauta miki, sauran kowa ya nemi tabarmarsa.