Bindigar Jatau da 'Ya'yansa Uku

To, tunda an yi la'asar, rana kuma ta yi sanyi, ku gyara zama. Kai mai rediyo, rage mana murya. Labarin da zan ba ku ba shi da wutsiya, ku ne za ku ɗaura masa ita, don haka kowa ya kasa kunne, kada in gama wani ya ce bai ji wuri kaza ba.

A wani ƙauye da ake kira Dogon Marke, can gefen daji, an yi wani maharbi ana ce masa Jatau. A zamanin ƙarfinsa babu gidan da bai ci naman hannunsa ba a ƙauyen nan. Da tsufa ya zo, gani ya fara raguwa, sai ya sallama wa daji, ya kama noma, ya rataye bindigarsa ta toka a bango saman gadonsa. Kullum a ɗure take, don shi a wurinsa bindigar da babu ɗuri sanda ce kawai.

Allah ya ba shi 'ya'ya uku, duk sun zama mutane. Babban shi ne Bagudu, manomi, ƙaƙƙarfa, mai saurin hawa da saurin sauka. Mai bi masa Tanimu, yana gyaran kekuna da injin ban-ruwa a bakin kasuwa, mutum mai sanyin rai, wanda ko fartanya zai ara maka sai ya girgiza ƙotarta ya gani. Autarsu Hansatu, tana aure nan cikin gari, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da fura, kuma duk wanda ya san ta ya san ba ta haɗiye magana.

Wata shekara abubuwa biyu suka haɗu. Ɓarayin shanu suka fara shigowa gonakin da ke nesa da gari. Sannan a ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, wani ya ɗauko bindiga wurin biki don ya yi harbin murna, ta kuɓuce masa, ta kashe yayar ango tana cikin rabon abinci. Mai garin Dogon Marke ya tara jama'a ya ce duk wanda ya ga zai iya, ya kawo bindigarsa a ajiye masa, amma ba dole.

Maganar ta shiga kowane gida, har ta iso gidan Jatau ranar wata Juma'a da 'ya'yan suka taru gaishe shi.

Bagudu ya ce, "Baba, wanda ke zuwa mana da adda bai kai addarsa gidan mai gari ba. In mun miƙa tamu, da me za mu tare shi? Da muciya?"

Hansatu ta ce, "Yaya, wadda ta tashi a gidan biki ɓarawo ta kashe? Abin da aka rataye a ɗaki, ai 'yan gida ya fi gani. A kai ta kawai, kowa ya huta."

Tanimu ya ce, "Ni ban ce a kai ba, ban kuma ce a rungume ba. Wuta ma muna da ita a gida, amma ba a kan gado muke hura ta ba. A sauke ɗurin, a ajiye albarushi daban, dalma daban."

Tsohon ya dube su ya yi dariya, ya ce abinci na hucewa. Haka aka tashi ba a yanke komai ba. Bindiga ta ci gaba da zama a bango.

To, ku ji abin da kowannensu ya yi.

Tanimu ne ya fara. Ya roƙi uban ya bar shi ya wanke ta ko da ba za a yi komai da ita ba. Da ya zura sandar ɗuri, sai ya ji ta tsaya tun ba ta kai inda ya kamata ba. Ya yi ta ƙwaƙulo a hankali har ya fitar da ɗuri guda, sai ga wani a ƙarƙashinsa, ya daskare kamar dutse. Ashe tsohon ya manta da ɗurin da ya yi shekarun baya, ya ƙara wani a kai. Gindin bututun kuma tsatsa ta ci shi. Tanimu ya kai ta wurin maƙeri aka gyara, aka ɗaure gindin da zoben ƙarfe. Bagudu ya ce duk tsoro ne, bindigar Baba ba ta taɓa cin amanar kowa ba. Tanimu bai yi musu ba. Ya samo wani tsohon bututun ƙarfe, ya cusa masa abin da ya fitar kamar yadda ya same shi, ya kai 'yan'uwansa busasshen rafi, ya sa masa wuta daga nesa. Bututun ya tsage gida biyu, wani ɓangare ya kafe a jikin bishiya. Daga ranar aka bi dokar Tanimu: albarushi a cikin ƙaho, dalma a jakar fata, kuma ba a ɗuri sai ido ya ga dalili.

Sai Bagudu. Da kaka ta yi, aka fara yankan dawa a gonarsu ta bakin kurmi, wadda ta fi kowacce nisa. Kullum in za su tafi sai ya saɓa bindigar a kafaɗa. Mutane suna yi masa ba'a, Hansatu har ta sa mata suna amaryar Yaya. Shi dai bai fasa ba. Wata rana da hantsi yana can ƙarshen gona yana ɗaurin dami, tsohon kuma yana zaune gindin kaɗanya kusa da shanun nomansu, sai ga wasu mutane sun ɓullo daga kurmi, fuska a naɗe, adduna a hannu. Suka fara kwance shanun. Jatau, da zuciyar maharbi ba ta tsufa, ya cafke igiya ya ƙi saki. Suka doke shi ya faɗi, suka kama shi suna ja za su shige da shi daji tare da shanun.

Bagudu ya sheƙo da gudu ya rarumi bindiga, sai ya tuna babu komai a cikinta. Ya durƙusa yana zuba albarushi, yana ji uban na kokawa da su. A wannan ɗan tsakanin ne ɗayansu ya sare tsohon a cinya don ya daina turjiya. Bagudu bai tsaya neman dalma ba, ya cusa tsumma, ya ɗaga bakin bindiga sama ya danna kunama. Ƙarar ta cika dajin, tsuntsaye suka watse. Ya bi ta da ihu yana kiran sunayen maharban gari ɗaya bayan ɗaya, kamar suna bayansa: "Barau, tare ta gabas! Nomau, ga su nan!" Ɓarayin suka saki tsoho, suka saki shanu, kowa ya kama gabansa. Bagudu ya bi su har bakin kurmi don ya tabbatar sun tafi. A can ya sake ɗuri, wannan karon har da dalma, sannan ya juyo.

Saura Hansatu. Ita ce ke kai musu fura gona. Tana kan hanya da ƙwarya a ka ta ji ƙarar harbi, ta yar da ƙwaryar ta ruga. Abin da ta tarar shi ne ubanta kwance cikin jini, wani mutum da hular kaba da sanda a gefensa ya durƙusa a kansa, wuƙa a hannunsa na dama. Can gefe kuma ga Bagudu ya fito daga cikin karan dawa, ido ya rufe, ya saita mutumin.

Ita ta gane shi. Ja'e ne, makiyayi daga rugar da ke bayan rafi, mijin Dije da ke kawo mata nono. Yana kiwo kusa ya ji harbin ya zo. Wuƙar nan rawaninsa yake yagawa da ita da taimakon haƙora, hannunsa na hagu kuma ya danne raunin da iyakar ƙarfinsa.

Hansatu ta faɗa tsakaninsu ta buɗe hannuwa.

"Yaya, sauke!"

"Kauce, Hansatu! Cikinsu yake, ya dawo ya ƙarasa Baba!"

"Ja'e ne! Dubi hannunsa, ka ga inda yake!"

"Na ce ki kauce!"

"To sai dai ka fara da ni."

Ja'e bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "In zai harba ya harba, amma wani ya zo ya danne nan tukuna. Na ɗaga hannun nan, Baffa ya tafi."

Hansatu ta taka har gaban yayanta, ta kama bakin bindigar da hannunta ta ɗaga shi sama, ta riƙe. Suka tsaya ido cikin ido. Can sai jikin Bagudu ya yi sanyi, ya dubi uban, ya dubi rawanin da aka yaga, ya zauna a ƙasa.

Ja'e ya ɗaure cinyar tam, aka ɗora tsohon a amalanken shanu aka nufi asibiti. A hanya suka haɗu da samarin gari da suka ji harbi, sun fito da gora da baka, wasu har sun fara cewa a wuce ruga. Da suka ga Ja'e a kan amalanke, jini har gwiwar hannu, kan Jatau a cinyarsa, sai kowa ya sauke abin da ke hannunsa ya bi su a baya. Ma'aikacin asibitin da ya ɗinke raunin ya ce da ba a danne shi a kan kari ba, da gawa aka kawo masa.

Allah ya yi da sauran shan ruwa. Kafin a gama sussuka Jatau ya miƙe, yana ɗan ɗingishi, amma bakinsa da cinsa duk lafiya lau. Ya sa aka yanka rago, aka yi tuwon sabuwar dawa da miyar kuka ta ji man shanu, aka gayyato Ja'e da Dije da dattawan ruga. Bagudu ya durƙusa gaban Ja'e ya nemi gafara. Ja'e ya ce shi ma da ubansa ne kwance, bai san abin da idonsa zai nuna masa ba. Aka bar wa shanun ruga karan gonar su ci, su bar mata taki. Aka ci aka sha, aka yi ta raha, tsohon yana ba da labarin yadda ya riƙe igiya, kowane maimaici ɓarayin na ƙaruwa.

Da baƙi suka watse, ya sa aka ɗauko bindigar aka shimfiɗa a kan tabarma gabansa. Ya ce, "Ni da wannan mun gama. Ba zan raba ta uku ba, ba kuma zan bar muku ita ku yi ta ja bayan raina ba. Wanda ya fi kowa hannu a cikin tsirata, maganarsa za a bi a kanta. In a riƙe ne a riƙe, in a kulle ne a kulle, in a kai gidan mai gari ne a kai."

Bagudu ya ce da bai nace ya ɗauke ta zuwa gona ba, da yanzu ba a san inda Baba yake ba. Gaskiya ne. Amma da wannan hannun nasa ya kusa kashe mutumin da ke riƙe da ran ubansa, ya kuma kusa kunna wutar da ba a san ranar mutuwarta ba tsakanin gari da ruga.

Tanimu ya ce da bai sauke tsohon ɗurin ba, da bindigar ta tarwatse a fuskar Bagudu, a rasa uba a rasa ɗa, ɓarayi kuma su tafi da shanu. Shi ma gaskiya ne. Amma dokarsa ce ta sa bindigar ta zo a wofi, kuma a lokacin da aka ɓata wurin ɗuri ne adda ta sami cinyar tsohon. Ranar ma shi yana kasuwa yana ɗaurin tayar keke.

Hansatu ta ce ita ba ta taɓa albarushi ba, ba ta taɓa dalma ba, ƙirjinta kawai ta sa. Da ba ta tsaya ba, da Ja'e ya faɗi, hannunsa ya bar raunin, an yi jana'iza biyu, yayanta kuma ya ƙare rayuwarsa a ɗaure. Babu mai musun wannan. Amma da tun farko an bi shawararta, da ranar nan bindigar tana kulle gidan mai gari, Bagudu kuma yana tsaye a gona da lauje.

Aka kai maganar gaban mai gari, ya ce a kira liman. Liman ya saurara, ya shafa gemu, ya ce dukansu 'ya'yan albarka ne, shi dai ba zai zaɓa ba. Jatau kuwa ko a jikinsa, yana zaune a inuwa yana shan furarsa, 'ya'yansa uku na zuwa gaishe shi, kowa da dariyarsa, kowa kuma yana nan a kan bakansa.

To, ga shi na kawo muku. Ga wanda ya ɗauka, ga wanda ya gyara, ga wadda ta hana. A cikin ukun nan, wa ya fi cancanta a bi maganarsa a kan bindigar Jatau?