Ƙafafun Motar Baba Haladu

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku. Ita kanta ba ta da tsawo, gardamar da ke biye da ita ce ban ɗauki alhakinta ba.

A ƙauyen Kwarin Maje an yi wani tsohon direba, Baba Haladu. Yana da babbar mota mai bodin katako, wadda rabonta da hanya tun iyayen yaran yanzu suna yara. Tana bayan gidansa a ɗore kan duwatsu, kaji na yin ƙwai ƙarƙashin kujerar direba. Abu ɗaya ne bai bari ya mutu ba, inji. Duk Juma'a sai ya tayar da shi, ya saurara, ya kashe. Amma daga cikinta zuwa ƙasa babu komai. Tayoyi sun zama takalma da guga. Wili, wato ƙarfen da ake sa wa taya, maƙwabta sun are su ɗaya bayan ɗaya, irin aron nan da ba a tambayar ranar mayarwa. Birki kuwa tsatsa ta gama da shi.

Sai aka gina madatsar ruwa a ƙasan ƙauyen, aka ba mutane sabon matsuguni a bayan dutse. An kwashe mata da yara da kayan ɗaki. Hatsin shekara aka bari a rumbuna, domin masana sun tabbatar a wurin taro cewa ruwa ba zai iso ba sai bayan watanni. Ruwan dai bai halarci taron ba. Ya zo da wuri, ya fara da cinye hanyar mota. Abin da ya rage shi ne burtalin shanu, wanda ke ratsa fadama, ya hau dutse, ya gangara ta ɗaya gefen. Duk direban hayar da aka kira ya yi wa garin addu'a ta waya. Jakunan garin da kwalekwale guda ɗaya ba za su kwashe ko rubu'in hatsin ba kafin ruwa ya kai rumbuna. In hatsin ya tafi, mutanen sabon matsuguni za su shiga damina hannu wofi.

Baba Haladu ya tara waɗanda suka rage a garin, ya ce, "Injina lafiya lau yake. In ta samu ƙafa, ni zan tuƙa ta, daga nan kuma na gama da ita. Wanda ya ɗora ta a hanya, tasa ce."

Mutum uku suka miƙe. Barau maƙeri, da Shitu, dukansu tsofaffin yaran motar Baban ne. Ta uku Lantana ce, wadda ta daɗe tana sayar da abinci a tashar manyan motoci kafin ta dawo gida.

Barau ya ɗauki neman wili. A birni an nuna masa sababbi masu ƙyalli, sai dai ramukan notinsu ba su dace da motar ba. Mai shagon ya ce wannan ba matsala ba ce, a huda wasu. Barau ya yi masa godiya ya fito. Ya san ƙarfen da aka huda a inda ba wurinsa ba, daga nan yake tsagewa. Ya dawo ya bi garin gida-gida yana karɓo aron da aka manta. Ɗaya ya same shi rataye a bishiyar firamare, shi ne ƙararrawar makaranta. Ɗaya mai kwalekwale na ɗaure jirginsa da shi. Biyu suna wurin masu tuyar ƙosai sun zama murhu, su kuma ya bar musu abinsu, domin wuta ta riga ta kashe ƙarfen. Kowanne ya samo sai ya rataye shi, ya buga da guduma, ya kasa kunne. Mai amo ya ajiye, mai muryar fasasshiyar ƙwarya ya jefar. Da suka gaza, ya taka da ƙafa zuwa wani gari inda aka ce akwai gawar mota irin wannan, ya kwance biyu, ya ɗauko ɗaya a ka, ya koma ya ɗauko ɗayan. Wuyansa bai sake juyawa daidai ba har yau, in zai dube ka sai ya juyo gaba ɗayansa.

Lantana ta ɗauki sayen taya. Ta sayar da saniyarta, ta haye ruwa, ta shiga kasuwa. Masu taya suka ga mace da ƙullin kuɗi a bakin zani, suka yi farin ciki ƙwarai. Aka jero mata baƙaƙe wuluk masu sheƙi.

"Hajiya, wannan ko ƙasa bai taɓa takawa ba."

Ta sa farce ta kankare, baƙin mai ya biyo yatsanta. Ta leƙa cikin zanen tayar, ta ga sawun wuƙa mai zafi da aka sake yanka shi da ita.

"Ɗan nan, ni ma ina shafa mai in zan fita," in ji ta. "Nuna min na bayan shago."

Shekarun da ta yi tana zuba wa direbobi miya ba a banza ta yi su ba, domin direba in ya ƙoshi ba shi da hira sai ta tayar da ta ci amanarsa. Ta zaɓi wasu munana masu manyan haƙora, irin na motocin ɗibar yashi, girmansu ɗaya, ta sa aka lanƙwasa gefen kowacce a gabanta don ta ga ko robar ta tsattsage. Da ta iso bakin ruwa, mai kwalekwale ya ce jirginsa ba zai ɗauke su ba. Ta sa aka hura tiyub a cikin kowacce, aka ɗaure su jere a bayan jirgi, ta zauna a ƙarshen jirgin riƙe da igiya. Lantana ba ta iya ruwa ba. Mai jirgin ya ce bai taɓa jin mutum ya karanto addu'o'i masu yawa haka ba tare da ya saki abin da ke hannunsa ba.

Shitu ya ɗauki birki, aikin da ba wanda ya roƙe shi. Motar ta tsaya da ƙafafunta, ruwa ya kai gindin rumbunan farko, jama'a suka ce a loda. Wani ya tuna cewa a da ruwan sabulu ake ɗura mata a madadin man birki, in an zo gangara yaron mota ya diro ya cusa gungume ƙarƙashin taya. Shitu bai musa ba, shi ne yaron motar, kuma tun ranar da wani gungume ya kuɓuce ya buge masa ƙafa yake ɗingishi. Takalman birki irin nata an daina yin su, don haka ya sayo na wata mota da suka fi girma, ya yanka, ya goge, ya dasa su da ƙusa ɗaya-ɗaya. Ya canja robobin da suka ruɓe da bututun da suka ci tsatsa, ya zuba man birki na gaskiya. Da mutane suka gaji suka zo tayar da mota da ƙarfi, sai ya shige ƙarƙashinta ya kwanta.

"Kai Shitu, fito, ruwa na cin hatsi," in ji Baba Haladu.

"Oga, in kun matsu ku bi ta kaina. Ita dai ba ta iya tsayawa ba tukuna."

Kafin ya fito, ruwa ya cinye rumbu biyu. Ɗaya na mahaifiyarsa ne. Wannan bai hana masu ɗayan zaginsa ba.

Aka loda, Baba Haladu ya kama sitiyari. A fadama motar ta nutse har kusan cikinta, haƙoran tayoyin Lantana suka kama ƙasa suka fito da ita. A hawan dutse ta riƙa faɗawa kan duwatsu da nauyin da ya fi ƙarfin shekarunta, wilin Barau ko ɗaya bai tsage ba. A tsakiyar gangara giya ta zame, motar ta fara gudu da ra'ayin kanta, ga kwana a gaba, ga rami a bayan kwanar. Baba ya taka birkin Shitu. Ta yi ƙara mai ban tausayi, ta tsaya. Haka suka yi ta sawu har rumbu na ƙarshe, mutanen Kwarin Maje suka ci tuwonsu har kaka.

Da aka sauke lodin ƙarshe, Baba Haladu ya sauko da ƙyar, ya zauna a inuwar motar. Dattawa suka ba da shawara a bar wa su ukun tare, shawarar da ake bayarwa in ba a son ɓata wa kowa. Baba ya ƙi.

"Na ga motocin haɗin gwiwa," in ji shi. "Kowa na jiran ɗan'uwansa ya sayi baƙin mai har inji ya ƙone. Mutum ɗaya na ce."

Barau ya juyo gaba ɗayansa ya ce ba don wilinsa ba, da tayoyin nan sai dai yara su gara su. Lantana ta ce, "Yaya Barau, da wilinka kaɗai, da yanzu kuna fadama kuna buga ƙararrawa da shi." Shitu ya ce su duka biyun sun taimaki motar ta tafi, amma a gangara ba tafiya aka rasa ba. Wani daga baya ya tuna masa da rumbu biyu, ya ce bai manta ba.

Makullin yana hannun Baba har yanzu, kuma tsufa ba ya jiran a gama shawara. To, ku da kuka ji, tsakanin Barau da Lantana da Shitu, wa za a miƙa wa?