Ƙusa a Gurbin Fiyus

Akwai wani mutum mai kiwon kaji a bayan gari, da sana'ar nan yake ci da iyalinsa. Yana da ɗaki guda inda yake renon 'yan tsaki, ya rataya musu fitilun lantarki biyar, domin ɗan tsako ba ya jure sanyi.

Da damina ta sauka, ya sayo 'yan tsaki ninkin na da, ya ƙara fitilu suka zama goma. Yana kunnawa sai fiyus ya tsinke, wato 'yar siririyar wayar nan da ke yanke wuta in kaya ya yi yawa. Ya sa wani, shi ma ya tsinke. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya aika a kira masa Habila ƙanin matarsa, mai gyaran wuta.

Habila ya duba, ya yi masa lissafi a tsaye. Ya ce ƙarfin wutar gidan bolt ɗari biyu da ashirin ne, wayar ɗakin kuwa amfiya biyar take iya ɗauka, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikinta. In an ninka wannan da wancan, wat dubu ɗaya da ɗari ɗaya ke nan, iyakar kayan da wayar za ta jure. Fitilunsa kowace wat ɗari biyu ce, goma sun kai dubu biyu. Ya ce wayar ɗakin siririya ce, turjiya take yi wa wuta, turjiyar nan ce ke komawa zafi.

“Yaya, fiyus ba shi da laifi,” in ji shi. “Ko ka sake waya mai kauri, ko ka rage fitilu.”

To, ƙanin mata abokin wasa ne, maganarsa ba ta cika nauyi a kunnen mijin yaya ba. Mutumin ya yi dariya, ya ce yaron da ya goya ne yau zai koya masa lissafi. Da Habila ya tafi, sai ya ɗauki ƙusa ya cusa a gurbin fiyus. Fitilu goma suka kama tar, wuta ba ta ƙara yankewa ba. Ya ji daɗi, har yana gaya wa maƙwabta ya yi maganin fitinar.

Amma a cikin rufi waya tana ta zafi, robar jikinta tana narkewa, ba mai gani. Wata safiya ya tafi kasuwa sayen dusa. Kafin ya dawo ɗakin ya zama toka, ko ɗan tsako ɗaya bai fita ba. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka mai zafi. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Wayar ita ce ran mutum, tana da iyakar abin da za ta ɗauka. Fitilun su ne sha'awace-sha'awacen da muke ta ƙara mata. Fiyus kuwa lamiri ne, wanda Allah ya sa a cikinmu don ya tsayar da mu tun wuta ba ta tashi ba. Ƙusar ita ce hujjar da muke kawowa don ya bar damunmu: kowa ma yana yi, ai sau ɗaya ne.

In lamirinka yana katse ka, gode wa Ubangiji, ka rage kaya. In kuwa da yana damunka a kan wani abu, yanzu ya yi shiru alhali ba ka daina ba, kada ka ce lafiya ka samu. Koma gida ka duba abin da ka cusa a wurin.