Kwaɗi da Gasar Ƙwallon Dawa

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu ji ta!

Wata shekara Zaki ya shirya gasar ƙwallo ta ƙasashen dawa. Kwaɗo ya kwashi 'yan wasansa, gwanayen tsalle, suka je fada.

Zaki ya ce, "Wace ƙasa kuke wakilta?"

Kwaɗo ya ce, "Kududdufi, ranka ya daɗe."

"Ban san ta ba. Sai an je an gano mini. Shamuwa zan aika, ko Kunkuru?"

Kwaɗo ya tuna Shamuwa ce ta haɗiye kakansa, ya ce, "A ba mu Kunkuru."

Kunkuru ya tashi da damina, bai isa ba sai tsakiyar rani. Ya dawo ya ce, "Ranka ya daɗe, busasshen rami na tarar."

Aka yi gasa ba da su ba. Kwaɗo ya dafe kai, ya ce, "Kaico! Da Shamuwa ce, da yini guda ta je ta dawo, ko da 'yan benci biyu za ta ci."

Har yau, ruwan fari na sauka, sai kwaɗi su ɓarke da ihu: "Ga ƙasarmu! Ku zo ku gani!" Ba mai zuwa.

Ƙurunƙus! In ƙarya ce, Gizo ya ɗauka.