Teɓar Zomo da Langar 'Yan Kurege

Gatanan gatananku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Zomo ne ya ci waken kaka har ya yi teɓa, ga lokacin farauta ya ƙarato. Tsoro ya kai shi wurin Dila, malamin daji.

Dila ya ce, "Kullum ka zaga dutsen can da gudu. Magani ai ba ya daɗi."

Zomo ya fara, fuska a murtuke. Bai daɗe ba ya koma cewa sai gobe.

Wani yammaci ya tarar da 'yan kurege suna langa. Suka ce, "Baba Zomo, shigo mana!"

"Ni da furfurata?" Amma ya kama ƙafa ɗaya ya shiga. Suka ka da shi, har shi ma yana dariya. Kashegari ya dawo ramuwa, jibi ma haka.

Ran da karnukan mafarauta suka shigo daji, Zomo ya yi musu fintinkau.

Dila ya ce, "Ka ga aikin maganina?"

"Malam, naka yana nan inda na ajiye shi. Wanda na sha, ban ma san magani ba ne."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare nan.