Gadon da Duane Ya Hana Ubansa

Akwai wani mutum a nan jiharmu ta Oregon da ke Amurka, sunansa Duane, wanda har yau in na tuna abin da ya yi sai haushi ya kama ni.

Duane ya ƙera 'yar tirelar kwana irin ta da, mai siffar ɗigon hawayen nan, gado a ciki, madafi a baya. Gaskiya ta yi kyau. Jikinta na ƙyalli kamar sabon kwano, cikinta katako mai ƙamshi da katifa fara sol. Ya shirya jan ta da tsohuwar motar mahaifinsa, Orval, zuwa taron masu irin waɗannan tireloli da ake yi a bakin tafki.

Orval ya manyanta sosai. A irin wannan tirela suka yi yawon amarci da matarsa marigayiya, shi ya sa tun ana aikin yake wuni a gareji yana miƙa ƙusa. Abu guda yake roƙo: ya kwana a ciki ko sau ɗaya ne.

"Sai mun je taro, Baba," in ji Duane.

Suka je. Da yamma tsoho ya cire takalmi, ya dafa ƙofa zai shiga, sai Duane ya tare shi da hannu.

"Baba, tsaya mana! Gobe da safe alƙalan gasa za su leƙa, har katakon suke shinshinawa. Kai kuma ka san fitsari na kufce maka. Ga tanti can, ni ma nan zan kwana."

A gaban mutane ya faɗi haka, ko murya bai rage ba. Tir! Shi a ganinsa ma magana ce ta hankali ya yi.

Orval ya saki ƙofar. Ya zauna yana laluben takalminsa, kansa a ƙasa.

Wata dattijuwa mai suna Wanda tana soya fanke a bayan tata tirelar, wadda fentinta duk ya koɗe. Ta ajiye cokali ta dubi Duane sama da ƙasa.

"Bawan Allah, gado ka ƙera ko abin hoto?" Sannan ta juya wajen tsoho. "Taso, Baba. Katifata ta ga jikoki, ta ga kare, ba sabon abin da za ka nuna mata. Ni in miƙe a cikin motata."

Duane ya ɗaga kafaɗa, ya koma goge tayoyinsa.

Da safe alƙalai suka leƙa, suka shinshina, suka ba shi kambun na ɗaya. Labari ya riga ya zaga, don haka ba wanda ya tafa. Duane bai ko lura ba. Ya ruga wajen ubansa, ya same shi zaune a ƙofar tirelar Wanda yana kurɓar kofi.

"Baba, mun ci! Yanzu an gama, zo ka kwanta son ranka."

"Na riga na kwana," in ji Orval. "Har uwarka na gani a mafarki. Ba ni makullin motata."

"Haba Baba! To tirelar fa, wa zai ja min?"

"Ka roƙi alƙalan."

Maza suka cire masa tirelar daga jikin mota, da saurinsu kuwa. Orval ya tayar da abarsa, ya bi bayan Wanda a hankali, ko waiwaye bai yi ba.

Duane ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman mai taimaka masa. Amsa iri guda ya samu: kowa da tasa tirelar a baya. Filin ya watse ya bar shi tsaye, riƙe da kambu, gefen gadon da ba wanda ya taɓa kwana a kai.

Darasi: Duk abin da ka mallaka, in har ya fi ƙarfin mahaifinka ya taɓa, to ƙazantar tana zuciyarka, ba a jikinsa ba. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, tun kafin ya makara.