Kwamfutar Makafi da Ɗan Shugaban Sashe

Akwai wata mata da ake kira Bu Sumirah, wato Malama Sumirah, shekararta ashirin da biyu tana aiki a laburaren wata jami'a a birnin Semarang na ƙasar Indonesiya. Kwamfuta sittin ce a wurin, amma ɗaya tak ke da manhajar da ke karanta wa makafi rubutu. A kanta wata ɗaliba makauniya, Wening, take rubuta kundin kammala digirinta. Saura kwana uku ta miƙa.

Ranar Litinin da hantsi Bu Sumirah ta tarar da Wening tsaye riƙe da sandarta. Bagas, ɗan shugaban sashen shari'a, ya miƙe ƙafa a kujerar kwamfutar makafin yana kallon ƙwallo, yana cin soyayyiyar ayaba, yana shafe maiƙon a jikin tebur.

"Bagas, tashi. Ga wasu kwamfutoci can babu kowa."

"Haba Bu, nan ne sanyi ya fi bugawa. Ita da ba ta gani, ina ruwanta da inda ta zauna?"

Abokansa suka kwashe da dariya. Bu Sumirah ta matso kusa da shi. Ta tsaya a kansa har ya ɗan daddanna wani abu, ya tashi yana murmushi.

Wening ta zauna, ta ɗauki abin sauraro za ta sa a kunne, sai ta yi saurin jefar da shi. Ashe Bagas ya liƙa cingam ɗin da ya tauna a ciki. Ta nemi kundinta, babu shi. Aikin wata takwas, ya goge.

Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Bu, me na yi masa?"

Bu Sumirah ta kira Mas Darto mai kula da kwamfutoci. Cikin awa ɗaya ya dawo da kundin daga babbar ma'ajiyar jami'a, ya kuma fito da lambar katin wanda ya goge da lokacin da ya goge. Katin Bagas ne.

Washegari sai ga uban Bagas, Pak Hendrawan, wato Malam Hendrawan, ya shigo da kansa.

"Bu, ƙuruciya ce. Tunda an samu kundin, a bar maganar."

Ta buɗe aljihun tebur, ta ajiye masa abin sauraron da cingam ɗin a jiki.

"Pak, sa wannan a kunnenka tukuna, sai mu bar maganar."

Ya kalla, ya kawar da kai, ya fita. Ita kuma ta kai shaidar da Mas Darto ya fitar gaban kwamitin ladabtarwa.

An dakatar da Bagas shekara guda. Ranar yaye ɗalibai, da aka kira sunan Wening, 'yan ajinsu kaf suka miƙe tsaye. Abokan dariyar Bagas ma suna ciki. Shi yana gida.

Darasi: Wanda ya wulaƙanta mai rauni don ya san ba zai iya ramawa ba, ƙazantar zuciyarsa ya baje a fili, kuma matsayin ubansa ba zai wanke shi ba. Kayan karatu amanar kowa ne. Ku tura wa ɗaliban da kuka sani, da iyayensu ma.